Maganin Amosanin Gaɓoɓi ga Doki da Kare, da Hatsarin Ƙiyasi

Daga cikin dabbobin da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam, da wuya a sami biyu da suka kai doki da kare yi masa hidima da ƙafafunsu, wannan yana ɗaukarsa zuwa fatauci da sukuwa da hawan salla, wancan yana binsa daji farauta ko yana kwana a bakin garke. Kuma da yake sa da rago wuƙa takan riga tsufa isa gare su, alhali doki da kare akan bar su su rayu har ƙarfinsu ya ƙare, sai ya zamana a jikin waɗannan biyun ne aka fi ganin gajiyar gaɓoɓi. Angarman da ya saba taka rawa a ƙofar fada ranar hawan daushe sai a wayi gari yana fitowa daga barga a sandare, yana ɗingishi kaɗan, ba ya sakin jiki sai ya ɗan yi tafiya. Karen da ba a taɓa riga shi tashi ba sai ya riƙa yunƙuri biyu kafin ya miƙe, ya daina tsallake kwata, ya koma bin bayan mafarauta bayan a da shi ne a gaba. Mai dabba yakan ce tsufa ne kawai. Galibi kuwa amosanin gaɓoɓi ne, cuta mai sababi sananne, wadda ba ta warkewa amma ana iya sauƙaƙa azabarta.

Wajibi ne mai karatu ya fara sanin abin da ke faruwa a cikin gaɓa, domin a kan wannan ne hukuncin maganin ya ginu. Inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, kan kowannensu a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, ga kuma wani ruwa mai yauƙi a cikin jakar da ta kewaye gaɓar, wanda yake hana su gugar juna. Guringuntsin nan ba shi da jijiyar jini, ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka yana iya daɗewa yana zaizayewa ba tare da dabba ta nuna komai ba, kuma abin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Sai ɓarnar ta kai ga fatar da ta shimfiɗe cikin jakar, da ƙashin da ke ƙarƙashi, sa'an nan kumburi da zafi su tashi, ruwan gaɓa ya tsinke, gefen ƙashi ya fara tsirar da ƙari. A doki, wanda ƙafafunsa na gaba suke ɗauke da wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, abin ya fi kama gaɓoɓin da ke kusa da kofato, da gwiwa, da babbar gaɓar ƙafar baya. A kare kuwa ya fi kama ƙugu da gwiwar hannu da ta ƙafa, musamman manyan karnukan gadi irin na ƙasashen waje da suka yawaita a biranenmu, waɗanda da yawansu ake haifa kan ƙashin cinyarsu bai zauna daidai cikin gurbinsa ba.

Magabata ba su jahilci wannan ciwo ba. A Masar, a ƙarni na 14, Abubakar ɗan Badaruddini, shugaban masu jinyar dawakin Sarki Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun, ya wallafa littafinsa Kamilus Sina'ataini a kan kiwon doki da cututtukansa. A wajenmu kuma bayin sarki masu kula da barga suna da nasu sani na gashi da ruwan zafi da shafe-shafe da lalas. Abin da ba a sani ba shi ne yadda kumburi yake haifar da zafi. Kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da asfirin kasuwa a 1899, duniya ta yi shekara saba'in tana shansa ba ta san yadda yake aiki ba, sai a 1971 wani masani Bature a Landan, John Vane, ya nuna cewa asfirin da danginsa suna hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, waɗanda su ne suke buɗe jijiyoyin jini a wurin da ya ji rauni, su kawo kumburi, su kuma sa jijiyoyin jin zafi su yi kaifi. A kan wannan ne aka ba shi kyautar Nobel a 1982, tare da wasu masana biyu na ƙasar Suwidin.

A nan ne hikimar halitta ta sa wa likitoci iyaka, domin sinadaran nan da suke hura zafi a gaɓa su ne kuma suke sa tumbi ya fitar da majinar da take kare shi daga tsamin kansa, su ne suke riƙe jini yana gudana cikin ƙoda a lokacin da ruwan jiki ya yi ƙaranci. Duk maganin da ya rufe su a gaɓa, lalle ne ya rage su a tumbi da hanji da ƙoda, ko da yawa ko kaɗan. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa injin da yake ƙera su iri biyu ne, ɗaya mai aikin yau da kullum na tsaron ciki, ɗaya kuma wanda ya fi tashi idan an sami rauni, sai masu haɗa magunguna suka duƙufa neman abin da zai danne na biyun ya ƙyale na farkon. Sun yi nasara gwargwado, amma ba cikakkiya ba, gama na biyun ma yana da nasa aiki a ƙoda da wajen warkar da gyambo.

Daga cikin dangin asfirin ɗin nan, maganin da ya fi kowanne shahara a wajen masu dawaki shi ne fenilbutazon, wanda kamfanin Geigy na birnin Basel a Suwizalan ya fitar a 1949 domin amosanin mutane. Da aka ga yana sa ɓargon wasu marasa lafiya ya daina yin jini, har wasu su halaka, sai aka janye shi daga hannun galibin mutane, ya saura a barga, inda har yau araharsa da ƙarfinsa suka hana a rabu da shi. Ana ba da shi gari a cikin dusa, ko a matsa shi a baki, ko a yi allurarsa a jijiyar wuya. Kuma allurar nan ta jijiya ce kaɗai, domin idan ta kuskure ta zuba a nama takan ƙona wurin har fata ta ruɓe ta zube. Tazarar da ke tsakanin adadin da yake amfani da adadin da yake cutarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Dokin da aka ƙara wa awo, ko aka daɗe ana ba shi ba hutu, yakan fita da gyambo a baki da tumbi, ko wani sashe na babban hanjinsa ya kumbura ya riƙa zubar da sinadarin gina jiki, sai a ga ya ƙi harawa, yana zawo, yana birgima saboda ciwon ciki, ƙasan cikinsa ya tara ruwa. Da yake kuma Allah bai halicci doki da iya amai ba, alamar da takan fara faɗakar da mai kare ba ta zuwa ga mai doki. Haka ɗan'uwan fenilbutazon, watau fuluniksin, wanda ake sayarwa da sunan Banamine, aka kuma fi amfani da shi wajen ciwon ciki: an sha ganin allurarsa a tsoka ta haifar da mummunar ruɓewar nama.

Akwai abu biyu da suka sa hatsarin ya fi girma a ƙasarmu. Na farko zafin rana, domin ƙodar dokin da ya yi gumi ya bushe ta dogara ne kacokan a kan sinadaran da maganin yake rufewa, kuma a shekarun da salla take faɗowa cikin bazara, dokin da aka ɗura wa magani da asuba, aka lafta masa kayan ado masu nauyi, ya wuni a rana bai sha ruwa ba, an haɗa masa duk sharuɗɗan lalacewar ƙoda a yini ɗaya. Na biyu kuwa girman jiki, gama awon da ke rubuce a takardun maganin galibi an yi shi ne da manyan dawakin Turai a zuci, waɗanda suke kai kilo 500, alhali mafi yawan dawakinmu ba su kusa da haka ba, balle ƙuru. Wanda ya juye wa dokinsa ƙunshi guda domin haka ya ji wani ya yi, yana iya ba shi fiye da rabonsa bai sani ba.

Amma cutar da ta fi wannan ɓoyuwa ita ce wadda maganin yake jawowa ta hanyar yin aikinsa daidai. Zafin gaɓa dabaibayi ne da Mahalicci ya sa wa dabba domin ta rage taka ƙafar da ta lalace. Magani yana kwance dabaibayin, amma ko ƙwayar zarra bai ƙara wa guringuntsi ba. Wanda ya ga ɗingishi ya ɓace ya hukunta cewa doki ya warke, ya ɗaura masa sirdi ya shiga sukuwa, ya yi ƙiyasin lafiya a kan rashin alama, kuma wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Saboda haka ne hukumomin tseren dawaki na duniya suke auna fitsari da jinin dokin da ya ci. A 1968, a babban tseren Kentaki na Amurka, wani doki mai suna Dancer's Image, wanda dama an san gaɓoɓin ƙafarsa suna damunsa, ya zo na ɗaya, aka sami fenilbutazon a fitsarinsa, aka ƙwace nasarar aka ba na biyu, mai shi ya yi shekaru yana shari'a bai dawo da ita ba. Ni a ganina wannan hukunci ya kamata masu dawakinmu su yi wa kansu ko da babu mai auna fitsari a filin idi: a ba doki magani domin ya kwanta ya tashi cikin sauƙi, ya ci abinci, ya yi tafiyar motsa jini, wannan rahama ce, a ba shi domin ya ɗauki mahayi kwana huɗu ko biyar na hawa a kan gaɓar da ta riga ta ci, wannan zalunci ne, ko da an kira shi jinya.

Sai batun kare, wanda na san wasu za su ce bai cancanci a ɓata masa tawada ba. Ya isa a tuna musu cewa a mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasarmu, kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta riƙonsa domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma ya tabbata a ingantattun hadisai cewa an gafarta wa wani mutum saboda shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya riƙe dabba kuwa, ciyar da ita da jinyarta sun hau kansa. Sai dai abin baƙin ciki shi ne tausayin ne da kansa yakan kashe kare, domin mai shi yakan ga yana wahala, ya buɗe akwatin maganinsa ya ɗauko abin da shi yake sha idan gwiwarsa ta motsa, ya tura a cikin tuwo ya miƙa masa. Ibufurofen da dikulofenak da nafuroksen, waɗanda ake samu a kowane kemis, suna huda tumbin kare su lalata ƙodarsa a kan adadin da mutum ba zai ko ji shi ba. Dalilin kuwa yana cikin yadda jikin kowace dabba yake fitar da magani: nafuroksen, alal misali, rabin abin da mutum ya sha yakan bar jininsa cikin kamar rabin yini, a doki cikin sa'o'i kaɗan, amma a kare yana iya ɗaukar har kwana uku, saboda haka ƙwayar yau tana tarar da ta jiya da ta shekaranjiya ba su fita ba. Farasitamol ma ba a ba kare sai da awon likita, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Magungunan da aka yi domin kare ba su daɗe da samuwa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da karfurofen, mai sunan kasuwa Rimadyl, a 1996. Akwai meloksikam, wanda aka fi sani da Metacam, da firokoksib, wanda ake sayarwa da sunan Previcox. Sun sauƙaƙa wa karnuka masu yawa tsufansu, kuma mafi yawan waɗanda ake ba su ba sa samun matsala, amma ba a ce babu ba: karfurofen yakan taɓa hantar wasu karnuka ƙalilan ba tare da an ƙetare awo ba. Don haka likita mai taka-tsantsan yakan auna jinin tsohon kare kafin ya fara, ya duba ƙoda da hanta, ya sake aunawa bayan an ɗan jima ana sha. Abin da ke kan mai kare shi ne ya sa ido, in ya ga amai, ko ƙin abinci, ko kashi baƙi wuluk mai yauƙi, wanda alama ce ta jini daga tumbi, ko farin ido ya koma rawaya, ko yawan shan ruwa da fitsari, ya dakatar da maganin a ranar, sa'an nan ya nemi likita, kada ya ce bari a ƙarasa kwalbar tunda an riga an biya kuɗinta.

Babu inda ɓatancin ƙiyasi ya fi bayyana kamar a firokoksib ɗin nan, domin sinadari ɗaya ne ake ba doki da kare, a doki da sunan Equioxx, a kare da sunan Previcox. Hankali zai ce tunda doki ya ninka kare nauyi sau da yawa, sai a ninka masa ƙwayoyi gwargwadon haka. Alhali kuwa awon kare miligiram 5 ne a kowane kilo na nauyinsa, na doki kuwa kashi ɗaya bisa goma na miligiram ne a kowane kilo, watau na kare ya ninka na doki sau hamsin, saboda hantar doki tana jinkirin sarrafa shi, yana kwana ya wuni a jininsa. Ƙwaya guda mai miligiram 57, wadda ita ce rabon kare mai kilo 11 ko 12 a yini, ita ce kuma rabon ƙaton doki a yini. Shekaru da dama masu dawaki a Amurka suna sayen ta karnuka domin ta fi araha, har aka amince da ƙwayar dawaki a 2016. Wanda kuwa ya yi kuskure ya ɗauko babbar ƙwayar karnuka mai miligiram 227, ya ba dokinsa rabon kwana huɗu a lokaci ɗaya. Malaman usulu suna kiran irin wannan da sunan “ƙiyasi tare da bambanci”, kuma ba su yarda a gina hukunci a kansa ba. Ko tsakanin doki da jaki ma, duk da kusancinsu, bai inganta ba, domin jaki yana fitar da fenilbutazon daga jikinsa da sauri fiye da doki nesa ba kusa ba.

Wani kuskure mai yawan aukuwa shi ne haɗa magani biyu domin a ƙara ƙarfi. Ba a haɗa biyu daga dangin magungunan da aka ambata, domin illarsu ce take taruwa fiye da amfaninsu. Ba a kuma haɗa ɗayansu da deksametazon ko furedinisolon, waɗanda wani dangi ne daban mai kashe kumburi, domin haɗin, musamman a kare, yana daga cikin sanannun sabubban hujewar tumbi. Idan za a sauya daga wani zuwa wani, likitoci sukan bar kwana biyar zuwa bakwai a tsakani. Goɗiya mai ciki da dukushi da ɗan kwikwiyo, da duk dabbar da take zawo ko ta ƙi shan ruwa, ba a fara musu sai likita ya gani. Asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da ofisoshin dabbobi na jihohi, domin irin wannan aka kafa su.

Sa'an nan akwai sashen jinyar da ba a saye a kwalba, wanda kuma shi ne aka fi sakaci da shi. An yi wani bincike a Amurka a kan karnuka 48 irin Labarado, aka bi su tun suna ƙanana har mutuwarsu, rabinsu ana rage musu kashi ɗaya bisa huɗu na abincin da 'yan'uwansu suke ci. Da aka fitar da sakamakon a 2002, sai ga shi waɗanda aka rage wa abinci sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara biyu, amosani kuma ya yi jinkirin kama su. Karen gadin da aka ɗaure a keji ana cika masa kwano, da dokin da yake tsaye a turke wata da watanni yana cin dawa da dusa har wuyansa ya yi kauri, maigidan yana alfahari da ƙibarsa, sa'an nan ranar salla a kwance shi a nemi ya yi zamiya, dukansu an ɗora wa gaɓoɓinsu nauyi an kuma hana su motsin da yake ciyar da guringuntsi, gama guringuntsi da matsi da saki yake tsotsar abincinsa daga ruwan gaɓa. Tafiya ta yau da kullum a kan ƙasa mai laushi, da gyaran kofato a kan kari domin ƙafa ta sauka daidai, da shimfiɗa a wurin kwanciya maimakon siminti tsurarsa, sukan rage yawan maganin da ake bukata. Akwai sababbin magunguna na kare, kamar Galliprant da aka amince da shi a Amurka a 2016, da allurar wata-wata mai suna Librela da Turai ta amince da ita a 2020, amma tsadarsu, da bukatar allurar ta zauna cikin firji, sun nisanta su daga mafi yawan mutanenmu.

Maganin nan kuma ba ya ƙarewa da ran dabbar da aka ba. Saboda abin da fenilbutazon yake yi wa ɓargon mutum, dokar Tarayyar Turai ta hana dokin da aka taɓa ba shi ya shiga mahauta har abada, kuma wannan yana daga cikin abin da ya tayar da hankali a 2013 lokacin da aka sami naman doki a abincin da aka rubuta naman sa a Ailan da Ingila. Amurka kuma tun 2003 ta haramta ba da shi ga shanun tatsa da suka kai wata 20. Makiyayin da ya ari kwalbar mai doki ya yi wa saniyarsa allura, gobe matarsa ta kai nono kasuwa, ya shigar da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba cikin hatsari. A Indiya da Fakistan da Nefal kuwa, inda ake yi wa shanu allurar dikulofenak a kuma jefar da mushensu a fili, ungulaye suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda, har wani jinsinsu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. A 2004 aka tabbatar da sababin, a 2006 ƙasashen uku suka hana yin maganin domin dabbobi, suka koma ga meloksikam, wanda aka jarraba aka ga ba ya cutar da ungulu. Doki da jaki a wajenmu galibi ba a yanka su, bayan gari ake jan mushensu, ungulayenmu kuma dama sun yi ƙaranci a mahautai da kasuwannin da a da suke cike da su. Saboda haka dabbar da ta mutu tana tsakiyar shan irin waɗannan magunguna, a haƙa rami mai zurfi a binne ta.